Takobin Yaro Sarki da Tabarmar Gidana

Ranka ya daɗe Ubangida Sukemitsu, shugaban wannan taro, wakilin masu farar tuta a gaɓar nan tamu, mahayin da ya zo mana daga gabas. Ranka ya daɗe Mai Girma Kanetoyo, mai kula da tsarki, wanda fada ta aiko daga babban birni. Jarumawan Ubangida, waɗanda na yi farin cikin ganin kowannensu ya sami tabarma ya zauna. Malam Jonen na ɗakin ibadar kan tudu, wanda ya koya wa hannun nan riƙon alƙalami. Dattawan Iwaura, masunta, masu dafa gishiri, matanmu masu nutso, da matan da yaƙi ya bari ba maza, waɗanda su ne mafi yawa a cikinmu: ina gaishe ku gaba ɗaya, kowa gwargwadon girmansa, ina kuma yi muku maraba da shigowa farfajiyar gidana.

Ni ne Gorodayu, mai garin Iwaura, ɗan mai gari, jikan mai gari. Ubana ya yi magana a gaban manya, kakana ma ya yi, amma da ka suka yi, iskar teku ta kwashe. Ni ne na farko a zuriyarmu da ya tsaya gaban jama'a da takarda a hannu, kuma kowane baƙi da ke cikinta ni na zana shi da kaina, bayan furfura ta riga ta cinye mini kai. An ce mini irin rubutun da na koya na mata ne, manyan maza na birni da baƙaƙen Sin suke nasu. Na karɓa, domin maganar mata na zo yi. Dalilin da ya sa na rubuta kuwa shi ne na san halin harshena: idan ya ga takobi yakan ja da baya. Takarda ba ta da wannan hali. Abin da na sa mata jiya shi za ta faɗa yau.

An umarce ni in yi jawabin godiya kafin a sa albarka ga jiragen da za su fita gobe da safe neman takobin Sarki, da 'yata Kogiku a jirgin gaba, igiya a ƙugunta, a cikin wannan sanyi. Godiya aka ce in yi, godiya kuwa zan yi, daki-daki.

Godiyata ta farko ga masu jar tuta ce, ko da yake babu wanda ya rage a cikinsu da zai karɓa. Su ne suka fara tuna cewa akwai wani gari a duniya da ake kira Iwaura. Da aka kore su daga birni, sai suka ɗauko Sarki a kafaɗa, yaron da bai gama famfara ba, suka gangaro da shi har mashigin tekun nan. Suka girmama mu da cin shinkafarmu, suka girmama mu da karɓe jiragenmu, suka girmama mu da ɗibar 'ya'yanmu maza su tuƙa musu. Matan fada masu baƙaƙen haƙora suka toshe hanci da hannun riga saboda warin kifinmu, sannan suka cinye kifin. A kwanakin nan ne muka ji an naɗa wani Sarkin a birni, ƙanen wannan, wanda shi ko famfarar bai fara ba. Sarki biyu a ƙasa ɗaya, jama'a, kuma kowane ɓangare ya rantse da alloli cewa umarnin nasa Sarkin yake bi. Lalle yaran nan sun iya ba da umarni, tun kafin su iya ɗaura ɗamarar rigarsu.

Ban taɓa ganin fuskar Sarki ba, domin idan jirginsa zai wuce goshinmu a rairayi yake. Abin da na sani game da shi tarinsa ne, wanda muke ji daga bayan labule. Wata rana muna durƙushe, Tsurume, matar ɗana Yatota, ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Baba, yaron nan mura ce ta kama shi. Duk matan nan ba wadda za ta ba shi ruwan zafi?" Na ce, "Rufa mana asiri, Sarki ne." Ta ce, "To, Sarki ba ya majina?" Ku riƙe sunan Tsurume, zan dawo kanta.

Godiyata ta biyu ga masu farar tuta ce, domin sun koya mana sabon ilmi. Tun kaka da kakanni, idan manya suna yaƙi a kan ruwa, ba a harbin mai tuƙi. Jarumi yakan miƙe a gaban jirgi ya kira sunansa da na ubansa da na kakansa, ya zaɓi daidai da shi, su gwabza. Mai tuƙi kuwa ba sulke gare shi ba, ba sunan da zai kira gare shi ba, shi da filafili duk ɗaya ne a idon manya. Da wannan al'ada 'ya'yanmu suka fita ranar babban yaƙi, daga su sai bante da ƙyallen ɗaure kai. Sai masu farar tuta suka gano, cikin zurfin tunani, cewa jirgin da ba mai tuƙi ba ya tafiya. Hikima ce babba, na yi mamakin yadda magabata ba su gano ta ba. Yatota ya sami rabonsa na hikimar nan a maƙogwaro. Da jiragen jar tuta suka tsaya cik, ruwa kuma ya juya, kakar Sarki ta rungume jikanta, ta soke takobin sarauta a ɗamararta, ta taka bakin jirgi, ta faɗa ruwa da shi. Sauran kun sani. Muka kwashe gawarwakin da teku ya dawo mana da su, muka ce to, an gama da mu.

Ashe ba a gama ba, wanda ya kawo ni ga godiya ta uku. Ƙasa ta girgiza a birni, gidaje suka rushe, masana suka duba suka ce yaron ne yake fushi, kuma Sarkin da ke kan gado bai cika Sarki ba sai da takobin. Aka rasa wanda zai ɗauko shi duk faɗin ƙasar nan, da jarumawanta, da malamanta, da masu kiran sunan kakanni, sai matan Iwaura masu nutso don kawa da ciyawar ruwa. Wannan ɗaukaka ce da ba mu roƙa ba.

Ranar da aka fara, Tsurume ta durƙusa gaban Mai Girma Kanetoyo, ina nan tsaye, ta ce, "Ranka ya daɗe, yaya kamannin takobin yake?" Ya ce, "Ba a ganinsa." Ta ce, "Kai ma ba ka taɓa gani ba?" Ya ce, "Ko Sarki ba ya buɗe shi." Ta ce, "To yaya zan gane shi?" Ya ce, "Idan kin kusance shi, za ki ji a jikinki. Sai ki runtse ido, ki lulluɓe shi da farin ƙyalle, kada fatarki ta taɓa shi." Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da nake ji a jikina a can ƙasa sanyi ne, kuma ko'ina akwai shi." Aka yi mata tsawa. Ta shiga ruwa.

Ƙarƙashin mashigin nan, jama'a, takubba sun fi kifi yawa. Matanmu suka yi ta fito da su, ido a runtse, a naɗe cikin ƙyalle. Kowanne aka kai wa Mai Girma, sai ya tsaya daga nesa, ya saurari jikinsa, ya ce bai ji komai ba. Ga su can jibge a rumbun gishiri, sun hana mu wurin ajiye gishirin. Ban ce Mai Girma bai san aikinsa ba. Ni wane ne. Na dai ce an aike mu neman abin da ba wanda ya taɓa gani, a wurin da ba a gani, da umarnin kada mu duba, kuma za a daina ranar da aka same shi.

Godiyata ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ga Mai Girma Kanetoyo ce shi kaɗai, saboda darasin da ya ba ni da bakinsa. Da damina ta yi tsaka, Inume, babbar mai nutsonmu, ta fito daga ruwa jini yana zuba ta kunnuwanta, kafin rana ta faɗi ta cika. Matan gari suka taru a gidanta zaman makoki. Mai Girma ya zo da kansa ya kore su zuwa aiki, amma da ya iso bakin shinge sai ya ja ya tsaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, shigo, ga tabarma." Ya dube ni kamar na miƙa masa maciji. Ya ce, "Kai tsoho, ba ka san doka ba? Ƙazantar mutuwa tana cika duk gidan da shinge ya kewaye. Wanda ya shiga ya zauna ya ɗauka. Wanda ya ci abin da aka dafa a wutar gidan ya ɗauka. Wanda ya ɗauka kuwa ba ya kusantar abu mai tsarki, ba ya shiga fada, sai wata ya cika." Na ce, "Ko babba ne?" Ya ce, "Ko waziri ne." Na ce, "Idan ya yi maza ya miƙe fa?" Ya ce, "Wanda ya zauna ya zauna." Da ya ji matan nan duk sun zauna, shi da kansa ya hana su taɓa ruwa wata guda, don kada su ɓata takobin da numfashinsu. A watan nan ne kawai kunnuwan matanmu suka huta. Ban manta darasin ba. Shi ne abu na farko da na roƙi Malam Jonen ya nuna mini yadda ake rubutawa.

Yanzu sai maganar igiya. Baƙinmu mutanen tudu ne, don haka ku yi mini haƙuri in faɗi abin da kowane yaro a nan ya sani. Mace tana ƙasa, igiya a ƙugunta, mijinta ko wanta yana sama riƙe da ita. Idan numfashinta ya ƙare sai ta fizga, shi kuma ya jawo da duk ƙarfinsa. Ba wata magana tsakaninsu sai wannan. Amma mazan da suka san igiya suna cikin waɗanda aka koya wa sabuwar hikima, mu tsofaffi kuwa an ce ba a yarda da mu ba, kada mu ɓoye takobin a ƙarƙashin tarunmu mu yanka kifi da shi. Sai aka ba jarumawa riƙon igiya.

Shekaranjiya, Ubangida da Mai Girma suna can tashar jiragen ruwa wajen sha'anin mulki, Kumahei, babban baran Ubangida, wanda ga shi nan zaune a damansa, ya ce kada a zauna banza, a gwada ruwa kafin ranar biki. Shi ya riƙe wa Tsurume. Ina bakin gaɓa na ga igiya ta motsa, na ga ya saki. Ta sake motsawa, ya ƙara saki. Na yi ihu har muryata ta dushe, iska ta mayar mini da ita. Da aka kawo gawar Tsurume gaɓa, na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba ka ji ta fizga ba?" Ya ce, "Na ji mana. Shi ya sa na ƙara mata. Doki idan ya ja linzami, so yake a sake masa." Ban ga laifinsa ba. Mahayi ne, kuma an ce mini dawakinsa ba su taɓa kuka da shi ba.

Na ce a aika wa Ubangida. Kumahei ya ce, "A kan mace guda? Waccan ta ci mana wata cur. Ku binne abinku ba hayaniya." Na ce, "To taron fa?" Ya ce, "A gidanka, kamar kullum. Ka share, ka shimfiɗa tabarmi, ka ɗuma giya." Na ce, "Ka san abin da ya faru a gidan." Ya ce, "Na san ba abin da ya faru. Ka ji ni, tsoho?" Na ce, "Na ji."

Na ji kuwa, na bi. Ku duba, jama'a, ko an taɓa share farfajiya kamar wannan. Ba mu yi hayaniya ba. 'Ya'yanta biyu ma mun ce su yi kukansu a cikin hannun riga. Gidan nan gidan Tsurume ne tun ranar da Yatota ya kawo ta, kuma a cikin shingen nan aka shigo da ita a kan ƙyaure. Tabarmar da Ubangida yake kai ita ce mafi kyau a gidana, shi ya sa na shimfiɗa masa, kuma shi ya sa a kanta muka kwantar da ita. Giyar da Mai Girma ya yaba, har ya nemi ƙari, a murhun da aka dafa ruwan wankanta aka ɗuma ta. Waina da busasshen kifin da jarumawa suka ci, duk wuta ɗaya ce.

Kada Mai Girma ya wahalar da kansa da miƙewa. Wanda ya zauna ya zauna.

Ba ni na kafa dokar nan ba. Ni mai gari ne na masunta, ina ni ina dokar fada. Amma an faɗe ta a gaban garin nan, an yi aiki da ita a gaban garin nan, kuma na tabbata mutum mai tsarki irin Mai Girma ba zai ce dokar da ta kama waziri ta tsallake shi ba. Matanmu duk sun zauna a nan tun shekaranjiya, Kogiku ce ma ta taje wa mamaciya kai. Babu hannu ɗaya a cikin shingen nan da ya halatta ya miƙo takobin Sarki, babu kuma ɗaya da ya halatta ya karɓa. Fada ma ta haramta gare ku sai wata ya cika, don haka ku baƙinmu ne, kuma muna murna. Shinkafa ta ƙare tun zamanin jar tuta, amma akwai gero.

Na rubuta a nan cewa a daidai wannan wuri wani zai kai hannu ga takobinsa, ga shi kuwa na ga ban yi kuskure ba. Wuyana na Ubangida ne, ya daɗe da zama nasa. Ina dai tunatarwa cikin ladabi cewa gawa ta biyu a shinge ɗaya sabon lissafi ce, daga yau za a fara. Idan kuma aka ja ni waje, to, a nan za a dawo da ni, matan nan kuwa za su zo su zauna.

Kafin wata ya cika, iskar arewa za ta rufe mashigi, jiragen Ubangida ma sai an jawo su tudu, ba mai sake fita sai ruwa ya yi ɗumi. Na san za a ce to, idan ya yi ɗumi fa? Mu ma mun tambayi kanmu. Jiya da rana dattawa suka zauna a nan, tsoho Hikoji, wanda ya rasa 'ya'ya uku a kan filafili, ya ce, "Gorodayu, ni na gaji da tauna da dasashi. Sanyin bana kawai zan daure. Da furanni sun fito, ku shirya tabarmi." Tsohuwa Matsume ta ce, "Kai kullum sai ka riga mutane. To ni sai damina." Na ce, "Iya, mutuwa ba ta bin layi." Ta ce, "A garin nan? Yaushe aka yi wata guda ba ta leƙo ba, tun da manya suka san hanyarmu?" Gari ne na tsofaffi da marayu, ranka ya daɗe. Ku kuka mayar da shi haka, kuma abin da muke da shi a yalwace ke nan. Daga yau, duk gidan da aka yi rashi, kowace mai nutso za ta je ta zauna. Zumunci ne, ba wanda ya taɓa hana shi.

Saura roƙo ɗaya, wanda na rubuta na goge, na sake rubutawa. Ubangida, kai jarumi ne, ana jin maganarka a inda ba a jin tawa. Idan watanka ya cika ka koma, ka gaya musu abin da wani tsoho ya ce. Yaron nan ba shi ya tara runduna ba, ba shi ya zaɓi tuta ba. An raba shi da gidansa, an raba shi da uwarsa, an ba ƙanensa kujerarsa tun yana da rai, aka yi ta yawo da shi a kan ruwa yana tari. Abu ɗaya ya tafi da shi. Ku bar masa. Idan fushi yake yi, ban ga yadda ƙwace masa abin da ya rage zai sanyaya masa rai ba. Idan kuwa kewa ce take damunsa a can ƙasa, Iwaura ta riga ta aika masa da Inume, ta aika masa da Tsurume, wadda tun farko ita ce ta damu da murarsa. Sun ishe shi.

Allolin teku da na tudu su tsare wannan taro, na zaune da na zaune. Budda mai tausayi ya karɓi yaron da ke ƙarƙashin mashigi, ya raya ƙanensa da ke kan gado har ya yi girman da zai ba da umarni da bakinsa. Ya karɓi masu tuƙi da ba a kira sunansu ba, ya karɓi matan da suka fizgi igiya. Alloli su ba Ubangida Sukemitsu tsawon rai da sanyin zuciya, su ba Mai Girma Kanetoyo lafiyar cin gero, su mayar da Kumahei ga dawakinsa. Su ba tsoho Hikoji da Iya Matsume shekaru masu yawa, su sa kada mu buƙaci alkawarinsu.

Kogiku, 'yata, tashi ki kwance igiyar nan daga jirgi, ki shanya mana kifi a kanta.

Na gode.